Darakta Naituku da Ruwan Koroniwai

Duk wanda zai lissafa mutanen da Allah ya yi wa ƙasar Fiji gata da su, ya kuma tsallake sunan Mista Peniasi Naituku, to ɗayan biyu ne: ko hassada ke cin sa, ko bai taɓa zaman haya a gidan gwamnati ba. Mu mazauna rukunin gidaje na Koroniwai mun san darajarsa sarai, don shi da kansa yake tuna mana da ita.

Muƙaminsa shi ne Daraktan Walwala, Jin Daɗi da Kwanciyar Hankalin Mazauna a Hukumar Matsugunan Jama'a, Reshen Arewa. Da aka zo rubuta wannan a ƙofar ofishinsa, ƙofar ta ƙare muƙamin bai ƙare ba, sai da kafinta ya ƙara katako a gefe. Bai ji haushi ba. Cewa ya yi laifin wanda ya yi ƙofar ne, da bai hango irin mutumin da zai zauna a bayanta ba.

Mutum ne da aka ƙera ba tare da ƙyashin kayan aiki ba. Tumbinsa ke fara sallama, shi ya biyo baya. Zanen sulun da yake ɗaurawa, irin na mazan ƙasarmu, ruwan toka ne, karin gugarsa kamar ya yanka burodi, a sama kuma kwat, ko da rana na narka kwalta. Alƙalami uku ne a aljihunsa, ja da baƙi da shuɗi, dukansu masu tsawon rai, don ba a wahalar da su. Matan unguwarmu suka laƙaba masa Babban Tanki. Da labari ya kai masa sai ya yi murna, ya ce ai tanki shi ke riƙe wa jama'a rayuwa. Ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa cewa matan ƙarar da tanki ke yi idan ba komai a ciki suke nufi.

Koroniwai gida ɗari biyu da arba'in ne na bulo da kwano, a kan tudu, bayan gonakin rake. Sunan a bakinmu "ƙauyen ruwa" yake nufi, kuma Daraktan ne ya zaɓa. Hukuma ce ta gina, ita ta shimfiɗa bututu, ita ta kafa tankin da ke ƙolin tudu. Mu namu zama da godiya. Ranar buɗewa Darakta ya yi jawabin awa ɗaya da rabi a kan famfo kaɗai, har wata tsohuwa ta suma a rana. Ya ce farin ciki ne ya kayar da ita.

Shekara huɗu muna shan ruwanmu lafiya. Sai guguwar watan Fabrairu ta zo ta yaye kwanon gidaje, ta zaftare gefen tudu, ta yi gaba. Kwanon muka tsinto a gonakin rake muka mayar. Amma ruwan famfo ya sake hali. Da fari launin shayi marar madara ya yi. Bayan sati ya ƙara madara. Bayan wata kuma ya taho da wari, irin warin da in ya tashi a ɗaki kowa sai ya juya ya kalli jariri.

Akwai wani maƙwabcinmu Sakiusa, mai gyaran bututu a masana'antar sukari, mutum marar yawan magana. Ran wata Asabar ya ɗauki shebur ya bi layin ruwa, ya haƙa inda ƙasa ta zafta. Ashe ɗan kwangilar hukuma, don ya huta haƙa biyu, a rami ɗaya ya kwantar da bututun ruwan sha da na masai, kafaɗa da kafaɗa kamar tagwaye. Guguwa ta fasa duka biyun, suna ta sada zumunci a ƙarƙashin ƙasa. Sakiusa ya ce aikin yini ɗaya ne in an samu motar haƙa da sabon bututu. Sai dai a dokar hukuma, ɗan haya da ya taɓa bututunta ba izini ya kori kansa daga gida.

Uwar Sakiusa, Bubu Salanieta, wadda duk unguwa ke kira Bubu, wato kaka, ta ɗura ruwan a kwalba, ta sa rigarta ta zuwa coci, ta hau bas zuwa gari. Awa uku tana kan benci, don Darakta na cikin wani muhimmin taro da farantin kifi da gwaza. Da aka shigar da ita ya karɓi kwalbar da yatsu biyu, ya ɗaga ta wajen taga, ya rufe ido ɗaya kamar mai sayen lu'ulu'u.

Ya ce, "Iya, wannan launin da ya tsorata ki, mu masana albarkar ƙasa muke kiran sa. Sinadarai ne masu gina ƙashi. Ni da kike gani na yi kwas na sati biyu cur a Ostareliya. A can, mata kuɗi suke biya a shafa musu irin wannan a fuska. Ku ga shi an kawo muku har ɗaki."

Bubu ta ce, "Ɗana, warin fa?"

"Wari ra'ayi ne, Iya. Amma bari in fahimtar da ke yadda gwamnati take. Daga madatsa zuwa babban titi, ruwa na masu ruwa ne. Daga titi zuwa gindin tudu, na ƙaramar hukuma ne. Ƙasar da ya ratsa ta masu ƙasa ce. Daga bakin famfo zuwa cikinki kuma, naki ne."

"To daga gindin tudu zuwa bakin famfon fa? Ba nan ne naku ba?"

Ya yi murmushi irin na malamin da ɗaliba ta kusa ganewa. "Nan ne ake kira wurin da ake kan dubawa."

Ya raka ta har ƙofa, ya mayar mata da kwalbarta, ya ce ta gaishe masa da mutanensa.

Muka koma tarar ruwan sama a duro. Da damina ta ɗauke durorin suka bushe, mata suka koma gangarawa wata ƙorama a ƙasan tudu, tafiyar awa guda da jarka a ka. Ana tafasawa iya ƙarfi. Amma gida mai mutum tara ba tukunyar da za ta ishe shi, kuma yaron da ya dawo daga filin zari-ruga maƙogwaro a bushe ba ya tambayar famfo tarihinsa. Gudawa ta shiga unguwa gida-gida kamar mai rabon katin biki. Bayanta zazzaɓin taifot ya biyo.

Ma'aikaciyar jinyar ɗakin shan maganinmu, Sista Roshni, 'yar siririya ce mai tabarau, wadda ba ta iya rufa-rufa ba. Ta ɗebi ruwan ta aika Suva, babban birnin ƙasa, a gwada. Sakamako ya dawo kofi biyu, ɗaya gare ta, ɗaya ga mai gidajen, wato hukuma. Takardar ta faɗi abin da ke cikin ruwan da sunansa na asibiti, wanda in aka fassara shi zuwa maganar gida ba a faɗarsa a gaban abinci. Darakta ya karanta, ya buga mata hatimi, ya sa a aljihun tebur na ƙasa, ya murɗa makulli. Takarda ba ta taɓa samun tsaro irin wannan ba.

Sista ta je ta same shi, ta ce aƙalla ya fitar da sanarwa kowa ya tafasa ruwa.

Ya ce, "Sista, ke allura kika sani, ni mulki na sani. Ranar da hukuma ta ce a tafasa ruwa, ranar ta amsa cewa ruwan na da laifi. Hukuma kuwa ba ta amsa abin da ba a gama dubawa ba. Amma ki bar ni da hikimata."

Bayan kwana biyu aka manna takarda a kowace ƙofa. Ga abin da ta ce: "Hukuma na gaishe da mazauna, tana kuma ƙarfafa musu gwiwa su rungumi kyakkyawar al'adar shan shayi, safe da rana da yamma." A ƙasa ga sa hannunsa, faɗin rabin shafi.

A watan Yuli Baba Ramdeo na gida mai lamba sittin da biyu ya rasu. Shekara arba'in yana saran rake bai taɓa kwana a asibiti ba, kwana shida na gudawa suka gama da shi. Darakta bai samu zuwa ƙona gawar da aka yi bisa addinin mamacin ba, amma ya aiko da wasiƙar ta'aziyya mai kan sarki biyu. Sunan mamacin ne a bayan ambulan, kuma a ciki an yi masa fatan Allah ya ba shi haƙurin wannan rashi.

Kada wani ya ce bai yi komai ba. Ya shirya taron bita na kwana uku a wani otal na bakin teku, mai taken wayar da kan mazauna game da wanke hannu. Ba a gayyaci mazauni ko ɗaya ba, don kada su cika wuri. Ya kuma shiga rediyo, muna ji a ɗakunanmu.

Ya ce, "'Yan'uwana, bincike mai zurfi da na jagoranta ya nuna cewa matsalar Koroniwai ba ta ruwa ba ce, ta bokiti ce. Ruwa yana fitowa da mutuncinsa, sai ya faɗa bokitin da ba a wanke ba. Ina kira ga iyaye mata su ji tsoron Allah."

Matar da ke jin wannan tana wanke zanen gadon ɗanta karo na huɗu a yini, ita ta san amsar da ta ba rediyon. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

A watan Oktoba abin ya faɗo gidan Sakiusa. 'Yarsa Litiana, mai shekara shida, wadda ke rera waƙa a sahun gaba ranar Lahadi, zazzaɓi ya kama ta ya ƙi saki. Aka kwantar da ita a babban asibitin gari. Sati biyu ba ta gane ubanta ba. Sakiusa ya tashi daga aiki ya zarce asibiti, ya zauna a ƙasa gefen gadon, ya riƙe ƙafarta. Ya san ramin, ya san tsawon bututun da ake buƙata, ya san hannunsa zai iya.

Ana cikin haka sai labari ya zo cewa shugabar hukumar gaba ɗaya, Uwargida Unaisi Ledua, za ta taso daga Suva ta zaga rassa. Nan Babban Tanki ya nuna shi gwarzo ne. Cikin kwana biyar ya yi abin da bai yi a wata takwas ba: ya sa aka yi wa tankin ƙolin tudu fenti. Shuɗi shar, da hoton yaro yana dariya da kofi a hannu. Aka kafa allon tagulla da ke cewa an sabunta harkar ruwan Koroniwai a ƙarƙashin jagorancinsa. Tankin ya yi kyan ɗan maciji. Bututun kuwa, tunda a ƙasa yake baƙuwa ba za ta gan shi ba, aka bar shi da zumuncinsa.

Bubu Salanieta ta sake sa rigar coci ta hau bas. Wannan karon ba kwalba a hannunta. Ta ce masa mutanen unguwa sun ga fenti, zuciyarsu ta yi sanyi, suna roƙon a bar su su tarbi baƙuwa da yangona kamar yadda al'ada ta tanada. Darakta ya kusa hawaye. Ya ce dama ya san wata rana talakawa za su gane shi.

Abin da muka shirya ba mai wuya ba ne. Yangona saiwa ce da ake dakawa a dama da ruwa a babban akushi, kuma ƙoƙon farko na babban baƙo ne. Ba a ƙin sa, ba a rage shi. Mun yanke cewa da ruwan famfo za a dama, a gaban idon Darakta. Ba mu da niyyar barin baiwar Allah ta sha. Za a zaunar da Sista Roshni kusa da ita don ta riƙe mata hannu in ƙoƙo ya doshi baki. Fatanmu ɗaya ne: tsoro ya matsi Darakta ya ce, "Kada ki sha," a gaban shugabarsa da 'yan jarida. Kalma uku kawai muke nema.

Ranar ta zo. Darakta ya hana a fara da tarba, ya ce mai ɗaukar hoto na sauri, a fara da yanka ƙyalle. Muka hau tudu cikin rana. An rataya masa furanni a wuya har sun rufe masa kunne. Uwargida Ledua mace ce mai furfura da ƙaramar jaka, tana ta duba agogo.

Ya ɗaga hannu ya fara. "Ranki ya daɗe, manyan baƙi, 'yan'uwana mazauna. An yi ta yaɗa jita-jita a kan wannan ruwa. Maƙiya ci gaba sun ce yana da launi. Na ce teku ma tana da launi, wa ya taɓa kai ta ƙara? Sun ce yana da wari. Na ce kifi ma yana da wari, wa ya daina cin sa? Ina tabbatar miki, ranki ya daɗe, ruwan Koroniwai ya fi wanda ake sha a Suva. Ni kaina in na zo nan ba na shan wani sai shi. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi!"

Muka tafa. Direbansa ma ya tafa, yana jingine da motar da ke ɗauke da katan biyu na ruwan kwalba.

Aka gangaro zauren coci, aka zauna a tabarmi. Baƙuwa a gaba, tana fuskantar akushi, Darakta a damanta. Wanda ya zauna bayan akushin don damawa Sakiusa ne, ya taho kai tsaye daga asibiti, idonsa jawur. Sai Bubu ta miƙe da farin bokiti, sabo fil, ta ɗaga shi sama ta juya shi kowa ya ga cikinsa, don kada a ce na bokiti ne. Ta taka a hankali zuwa famfon da ke bakin ƙofa ta murɗa. Famfon ya yi tari sau biyu, ya yi kaki, sannan ya saki abin da ke ransa.

Baƙuwa ba ta gani ba, fasto na yi mata bayanin rufin coci. Darakta ya gani. Gumi ya fara tsattsafo masa ta ƙarƙashin furanni.

Sakiusa ya zuba ruwan, ya dama, ya tace. Yangona dama launin ƙasa gare ta, don haka ido ba zai raba ba. Mai miƙawa ya ciko ƙoƙon kwakwa, ya taho a durƙushe, ya tsaya gaban Uwargida Ledua. Ta tafa sau ɗaya yadda ake yi, ta miƙa hannu biyu. Sista Roshni ta gyara zama.

Gaba kura, baya siyaki. In baƙuwa ta sha ta kwanta, aikin Darakta ya tafi. In ya ce kada ta sha, jawabinsa ya tafi. Duk muka zuba masa ido muna jiran kalma ukun nan.

Sai ya yi wuf, da saurin da ba a san mai irin jikinsa na da shi ba, ya cafe ƙoƙon daga gabanta.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, tafiya mai nisa ke gabanki, ga jirgi. A al'adar wannan yanki, ƙarami kan ɗauke wa babba nauyi. Ni zan sha a madadinki."

Tsofaffi suka kalli juna, don ba wanda ya taɓa jin ƙarami ya fizge ƙoƙo daga hannun baƙo. Bubu ce ta yi magana, kuma ba da gatse ba. Ta san uwarsa, tare suka yi makarantar mishan.

Ta ce, "Peniasi, ɗana, ajiye. Ba mu kawo ka nan don mu cuce ka ba. Faɗi gaskiya kawai ka ajiye ƙoƙon nan."

Uwargida ta juyo. "Wace gaskiya?"

Da wani ne, a nan zai sauko. Amma Babban Tanki bai zama babba don ya sauko a gaban mai ɗaukar hoto ba. Ya yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba, ya ce tsohuwa ce, zolaya take. Ya rufe ido, ya kafa kai, ya shanye tas. Muna kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka kamar mai haɗiye tsakuwa. Aka tafa sau uku, don al'ada al'ada ce.

Ya goge baki ya ce, "Garɗi! A ƙaro. Wancan nata ne, yanzu a kawo nawa. A cika shi fal, kamar teku ta kawo."

Sakiusa ya dube shi. Tun da aka fara wannan magana wata takwas, ranar ya fara ce masa uffan.

"Yallaɓai, 'yata rabin kofi ta sha."

Darakta ya miƙa hannu ya ɗebo da kansa, ya shanye na biyu.

A nan Sista Roshni ta buɗe jakarta ta zaro nata kofin sakamakon gwajin, ta ajiye a cinyar baƙuwa. Uwargida ta sa tabarau ta karanta, ta duba kwanan watan da ke kai, ta dubi Darakta, ta dubi akushi. Ta ce lallai wannan magana ce babba, za ta kafa kwamiti da zarar ta koma Suva. Ba ta tsaya cin abinci ba. Muka tsaya muna kallon ƙurar motarta. Mun san kwamiti. A ƙasar nan in ana son magana ta tsufa ta mutu ba a ji ba, kwamiti ake kai ta.

Amma akwai wani kwamitin da ya riga ya fara zama, kuma shi ba ya ɗage taro.

Kwana biyu bayan haka Darakta ne babban baƙo a bikin ba da kyaututtuka na wata makarantar 'yan mata a gari. Taken jawabinsa tsabta. Ya kai shafi na uku, yana bayanin yadda ya kawar da cuta daga Koroniwai, sai cikinsa ya nemi izinin magana. Lasifika na kusa, har sahun baya aka ji. Ya dakata, ya gyara tsayuwa, ya ci gaba. Cikin ya sake ɗaga murya. Waɗanda ke wurin sun ce fuskarsa ta koma launin toka kamar sulunsa. Ya ce, "A taƙaice," kalmar da ba a taɓa ji daga bakinsa ba, ya tattare zane da hannu biyu, ya sauka daga dandamali da gudun da ko a filin zari-ruga sai an tafa masa. Bayan gidan makarantar na can ƙarshen fili. Masu kirki sun ce ya kai. 'Yan matan aji uku da ke kusa da hanya sun ce a bar maganar.

Da yamma aka kai shi asibiti. Ɗakin manya ana gyara, sai aka sa shi a babban ɗakin maza, gado na bakwai, tsakanin mutum biyu 'yan Koroniwai. Suka gaishe shi da ladabi, suka nuna masa hanya mafi kusa zuwa bayan gida, suka ba shi shawara kada ya tsaya neman takalmi.

Ashe a dokar aikin gwamnati, in darakta ya kwanta saboda abin da ya same shi a bakin aiki, dole a rubuta rahoto cikin awa ashirin da huɗu, dole a faɗi sanadi, dole a kawar da sanadin kafin ya taɓa wani ma'aikaci. Ba a yi irin wannan doka don 'yan haya ba. Jarida kuma ta buga hotonsa da ƙoƙo a baki, gefe da hotonsa da ƙarin ruwa a hannu. Ran kwana na huɗu muka ji rugugin motar haƙa tana hawo tudu, bayanta manyan motoci biyu da injiniyoyi shida masu hular kwano. Suka baje taswira suna neman inda matsalar take. Sakiusa ya zo ya tsaya a kan wurin, ya nuna da ƙafa. Suka fara da hantsi, kafin la'asar sun gama. Aka wanke tanki, wannan karon ta ciki.

Da ruwan ya fito fari, ba wanda ya yi guɗa. Matar Baba Ramdeo ta tara a kofi, ta ɗaga, ta daɗe tana kallo, ta koma ɗaki ta rufe ƙofa. Litiana ta dawo gida ƙarshen watan, gashinta ya zube, ƙafafunta kamar sillen kara. Ubanta ke riƙe ta tana sake koyon tafiya daga ƙofa zuwa bishiyar mangwaro.

Darakta ya yi kwana goma sha ɗaya. Ya fito kwat na yi masa lilo, amma muryar na nan yadda take. Tun a ƙofar asibiti ya tara 'yan jarida.

Ya ce, "Na san abin da ke cikin ƙoƙon nan sarai. Na dubi jama'ata, na dubi raina, na ce Peniasi, shugaba na gari shi ke sha kafin talakawansa. Da gangan na sadaukar da cikina don a ji kukan Koroniwai. Ba na neman yabo. Amma in tarihi ya ga dama, ba zan hana shi ba."

Hukuma ta ba shi takardar yabo mai zanen zinariya. Ya aiko a tambaye mu ko za mu so a sa wa titin unguwa sunansa. Aka yi taro a zauren coci, matasa suka tashi da faɗa, wasu na cewa a kai shi kotu. Bubu Salanieta ta ɗaga hannu aka yi shiru.

Ta ce, "Ku bar yaron nan, kada mu zama marasa godiya. Shekara ashirin da uku yana aikin gwamnati a tsaye, da a zaune, ba mu ga komai ba. Sau ɗaya tak ya yi wa jama'a aiki, shi ma a tsugune ya yi shi."